A ina zan kafa na'urar auna yanayi a gidana don ta faɗi gaskiya?

Tambaya: Na sayi na'urar auna yanayi irin ta gida, wadda aka haɗa ma'aunin zafi da na ruwan sama da na iska a jiki ɗaya, tana aiko da lambobi zuwa wani ɗan allo a ɗaki. Na ɗaure ta a bututu a gefen rufin kwanon gidana da ke bayan garin Kano. A watan Afrilu sai ta riƙa nuna digiri 47 ranar da rediyo ke cewa 41. Ruwan farko da aka yi kuma, wanda ya cika kwatami, milimita 6 kawai ta rubuta. Katangar gidan mita 2.5 ce, tsakar gida daɓen siminti, akwai babbar darbejiya ta gabas, janareto a lungu, tankin ruwa a kan ƙarfe, sai 'yar gonata a baya. Na'urar ce jabu, ko wurin ne bai dace ba? Ina zan mayar da ita?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Daga bayanin da ka yi, wurin nake zargi tun kafin na'urar. Ko ƙananan nan masu araha, idan an kafa su inda ya dace, da wuya kuskurensu a zafi ya wuce digiri 1. Rufin kwano kuwa shi kaɗai yana iya ƙara maka digiri 4 ko 5 da rana tsaka. Don haka dakata tukuna, kada ka mayar wa mai shago.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ma'aunan nan uku da aka haɗa maka a jiki ɗaya kowanne da wurin da yake so, kuma wuraren ba sa haɗuwa. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya da ke Geneva, wadda NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, da takwararta ta Nijar suke bi, ana auna zafin iska ne tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Iska ana auna ta a mita 10, a fili fetal. Ruwan sama kuma ya fi son ƙasa-ƙasa, inda iska ba ta da ƙarfi. Ma'aunin hannu irin na Ingila da muka gada bakinsa santimita 30 kacal yake daga ƙasa. Ka ga duk inda ka ɗora na'ura mai jiki ɗaya, dole ɗaya daga cikin ukun ya cutu, wani lokaci biyu. Kai da ka ɗora a rufi, ka kyautata wa iska kaɗan, ka cuci zafi da ruwa. Tunda ka ambaci gona, ina ganin ruwan ne ya fi damunka, don haka da shi zan fara, kuma shi zan ce ka fifita.

Kafin mu ɗora wa na'urar laifin milimita 6 ɗin nan, mu yi ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama yana nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan rufinka da daɓenka sun kai murabba'in mita 200, ruwan milimita 6 ya zubo maka lita 1,200, wato duro 6 na lita 200, kuma duk ta kwatami ɗaya za su fita cikin 'yan mintuna, don siminti ba ya sha. Cikar kwatami ba ta nuna an yi ruwan shuka. Mai yiwuwa na'urar ta yi daidai. Sai dai akwai dalilai da yawa da za su sa ta rage, kuma kusan dukkansu suna gidanka.

Na farko iska. Idan iska ta bugi bakin mazurarin ma'auni, takan yi sama ta ƙara gudu a kan bakin, ta kwashe ɗigon ruwa ta wuce da shi gaba. Gwargwadon ƙarfin iskar, gwargwadon asarar. A gefen rufi abin ya fi muni, domin iskar da ta daki bangon gida tana hawowa ne ta kan gefen kwanon, daidai inda ka ɗaura bututunka. Ruwanmu na farkon damina kuma ka san yadda yake zuwa: hadari daga gabas, ƙura da iska mai ƙarfi a gaba, ruwa yana sauka a karkace. A irin wannan ruwan ne ma'aunin rufi ya fi yin asara.

Na biyu darbejiyar. Da ta yamma take da da sauƙi, amma tana gabas, hanyar da mafi yawan hadarinmu ke biyowa. Ƙa'idar ita ce, duk wani abu da ya fi bakin ma'auni tsayi, bishiya ce ko katanga ko bene, a nisance shi da aƙalla ninki biyu na tsayin da ya fi bakin ma'aunin da shi, ninki huɗu ya fi kyau. Mu ɗauka darbejiyarka mita 10 ce, bakin ma'auni kuma yana mita 2. Ta fi shi da mita 8, kana buƙatar mita 16 ke nan a ƙalla, mita 32 in da hali. Katangarka mai mita 2.5 ba ta da wahala, mita 2 ma ya ishe ta a wannan tsayin. Fulotin ƙafa 50 a 100 kuwa wajen mita 15 ne a 30, ga gini ya ci rabi. Shi ya sa a yawancin gidajenmu na gari babu inda ya cika ƙa'idar a cikin katanga.

Ba sai ka hau bishiya da tef ba. Tsaya inda kake son kafawa, idonka daidai inda bakin ma'aunin zai kasance, ka miƙe hannu ka dunƙule. Faɗin dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kimanin digiri 10 na sama. Ka jera dunƙule kan dunƙule daga saitin idonka zuwa ƙololuwar bishiyar. Ninki biyu na nisa daidai yake da digiri 26 da ɗoriya, wato dunƙule biyu da rabi. Ninki huɗu kuma digiri 14, dunƙule ɗaya da rabi. Ka juya ka gwada kowace kusurwa, ka fi tsanantawa ta gabas. Kuma ka tuna darbejiya tana girma. Wurin da ya tsira da ƙyar bana, nan da shekara uku ya shiga inuwa.

Tun 2010 masana kayan awo na hukumar ta duniya suka fitar da tsarin raba wuraren awo aji biyar, kuma alƙalumansa suna nuna girman abin. Ma'aunin ruwan da nisansa da shinge ya yi daidai da tsayin shingen kawai, kuskurensa na iya kaiwa kashi 15 cikin 100. Idan nisan rabin tsayin ne, kashi 25. Idan ya fi haka kusa, kamar gindin bishiya ko jikin bango, ba a ma lissafa shi cikin abin dogaro. Kada ka raina kashi 25. Masu binciken noma a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna amfani da wani mizani na faɗuwar damina: a sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan kada a yi fari na fiye da kwana 7 cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ma'aunin da ke rage kashi ɗaya cikin huɗu zai ce maka 15 ranar da aka yi 20, ka zauna kana jira maƙwabtanka sun shuka. Wanda kuma ke gindin rufi ruwan indararo na fantsamowa ciki zai ce 20 ranar da aka yi 12, ka zuba iri a busasshiyar ƙasa. Na biyun ya fi tsada.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: fili tsirara mai iska shi ma ba shi ne mafi kyau ga ruwa ba. Wurin da ke da gajeren shinge kewaye, irin danga ko ƙananan itatuwa masu tsayi ɗaya, a nisan da muka faɗa, ya fi kama ruwa daidai, don shingen yana karya ƙarfin iskar ba tare da ya tare ruwan ba.

Na uku shi ne cikin na'urar kanta, kuma yana da alaƙa da yadda aka kafa ta. Ƙarƙashin mazurarin akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke lilo. Idan ɓangare ɗaya ya cika sai ya kife, ɗayan ya karɓa, na'ura ta ƙirga kifewar. Kowace kifewa milimita 0.2 ce a wasu, 0.25 ko 0.3 a wasu. Idan na'urar ta karkata ko kaɗan, ɓangare ɗaya zai riƙa kifewa da wuri, ɗayan a makare, lissafi ya lalace. Idan bututun siriri ne yana rawa cikin iska, cokalin zai kife ba ruwa, ka wayi gari cikin hunturu allo yana cewa an yi ruwa. Sannan ga ƙura. Na'urar da ta kwana wata biyar cikin hazon hunturu, mazurarinta cike yake da gari, ruwan farko ya mayar da shi taɓo ya toshe ramin. Ƙara da ganyen darbejiya, kashin tantabara, yanar gizo-gizo da ke ɗaure cokalin, da zanzaro da ke son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Duk wannan aikin minti biyar ne ga wanda hannunsa ke kaiwa. Wanda ya ɗora a rufi sai ya nemo tsani, kuma gaskiya ita ce ba ya hawa. A ganina wannan dalilin kaɗai ya isa a sauko da ita.

Gwajin yana da sauƙi. Auna faɗin bakin mazurarin ka fitar da girman filin bakin a murabba'in santimita, ka raba da 10. Abin da ya fito shi ne mililitan da ke daidai da milimita 1. Mazurari mai zagaye da faɗinsa ya kai santimita 16 filin bakinsa kusan murabba'in santimita 200 ne, don haka mililita 20 milimita 1 ne, mililita 200 kuma milimita 10. Auna ruwan da sirinji, ka zuba a gorar roba da ka huda da allura, ka bar shi yana ɗiga a hankali na wajen minti 20. Kada ka kwarara shi gaba ɗaya, domin yayin da cokalin ke kifewa wani ruwan na wucewa ba a ƙirga ba. Wannan ma shi ne dalilin da irin wannan ma'auni ke ɗan ragewa a ruwa mai kamar da bakin ƙwarya ko da an kafa shi daidai.

Yanzu zafi. Abin da rediyo ke faɗa zafin iska ne a inuwa, iskar da ke yawo a fili, a tsayin mutum. Ma'aunin zafi kuwa ba ya sanin komai sai zafin jikinsa. Idan rana ta taɓa shi, ko wani abu mai zafi ya haska shi daga ƙasa ko daga gefe, zai ɗau zafin ya rubuta maka a matsayin na iska. Kwano a watan Afrilu yakan wuce digiri 60, iskar da ke kwance a kansa tana tasowa kai tsaye cikin na'urarka, shi kansa kwanon kuma yana mayar da hasken rana daga ƙasa, inda farantan da ke kare ma'aunin ba su da kariya sosai. Nan digiri 47 ɗinka ta fito.

Wannan matsala ba ta bar manya ba. Shekara 90 duniya tana riƙe da cewa zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa shi ne digiri 58 a garin Aziziya na Libiya, ranar 13 ga Satumba 1922. A 2012 hukumar ta duniya ta sake bin diddigi ta soke shi. Cikin dalilan da ta bayar akwai matsalar ma'aunin, da rashin gogewar wanda ya karanta, da kuma cewa tashar tana kan daɓe mai kama da kwalta wanda bai yi daidai da ƙasar hamadar da ke kewaye ba. Kambun ya koma ga digiri 56.7 na Death Valley a Amurka, na ranar 10 ga Yuli 1913.

A tsarin ajin nan biyar, wurin auna zafi na aji ɗaya sai ya nisanci gini, siminti, kwalta da duk wani tushen zafi da mita 100. Aji biyu mita 30. Aji uku mita 10, kuma an yarda zai iya kuskuren digiri 1. Aji huɗu digiri 2, aji biyar har digiri 5. Rufin kwano aji biyar ne. Tsakar gidanka mai daɓe da katanga kewaye ba ta fi shi da yawa ba, kuma laifinta ya fi fitowa da dare. Siminti da bulo suna shan zafi wuni guda su riƙa sakinsa har asuba, katanga kuma ta hana iska shiga ta kwashe. Cikin Disamba da Janairu, lokacin da gona ke sauka digiri 12 ko ƙasa da haka da asuba, tsakar gida za ta nuna sama da haka da digiri 2 ko 3. Ga mai alkama ko tumatirin rani irin na Kadawa, sanyin dare shi ne lambar da ta fi muhimmanci, kuma ita ce tsakar gida ke ɓatawa. Janareto, bayan na'urar sanyaya ɗaki, hayaƙin madafa, duk ka ba su mita 10 ko fiye, kuma kada na'urar ta zauna inda iska ke kai hucinsu.

Ƙasan da ke ƙarƙashin ma'aunin ya zama irin ƙasar yankin. Littattafan Turawa suna cewa gajeriyar ciyawa, domin can ita ce ƙasarsu. Kada ka shuka ciyawa kana ba ta ruwa a watan Maris don ka cika wannan sharaɗi. Za ka ƙirƙiri ɗan lambu mai sanyi da danshi wanda babu irinsa a unguwar. Ƙasar gona yadda take, busasshiya da rani, mai gajeren tsiro da damina, ita ce daidai. Haka kuma ka guji kwari da bakin fadama idan ba su kake son aunawa ba, don iska mai sanyi tana gangarawa ta taru a can da dare.

Akwai wata shawara a takardar da ke cikin kwalin da nake so ka yi hattara da ita. Sukan ce a rataye ma'aunin zafi a bangon arewa, wai can ne inuwa take kullum. A Turai gaskiya ne, domin can rana tsaka kullum tana kudu. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga wajen 21 ga Afrilu zuwa wajen 21 ga Agusta, rana tsaka tana arewa da kanka, inuwarka tana faɗuwa kudu. Kuma tun daga ƙarshen Maris har Satumba rana tana fitowa ta faɗi ne a karkace ta arewa, tana dukan bangon arewa safe da yamma. Wato a cikin bazara da damina babu bangon da ke da inuwa dindindin a ƙasarmu. Ko farin akwatin katakon nan mai tagogi da kake gani a filin jirgi da makarantu, wanda injiniya Thomas Stevenson ya tsara a 1864, ana juya ƙofarsa ne nesa da rana, kuma a yankinmu gefen da ya dace yana canzawa da watanni. Don haka kada ka dogara da bango ko inuwar bishiya. Ka dogara da farantan farin nan da aka jera kan ma'aunin, ka bar su a rana, a inda iska ke ratsa su ta ko'ina. Da iska suke aiki. Ranar da iska ta tsaya cik rana kuma ta take, ko su sukan ƙara digiri 1 zuwa 2, shi ya sa masu tsada suke da 'yar fanka a ciki. Ka riƙa goge su, domin farantin da ƙurar hunturu ta mayar ja ya daina kore rana.

Iska ba zan daɗe a kanta ba, domin a gida ba a samun ta daidai. Ƙa'idar mita 10 ce sama, nisa kuma ninki 10 na tsayin shinge. Darbejiyarka kaɗai tana neman mita 100. A fili mai gajeren tsiro, iskar mita 2 kimanin kashi uku cikin huɗu ce ta iskar mita 10, don haka in ka sauko da na'urar ka san lambarka za ta yi ƙasa da ta filin jirgi, kuma ba lalacewa ba ce. Ga manomi ma iskar mita 2 ita ce mai amfani, don ita ke busar da ƙasa, ita kuma ke kwashe feshi ta kai gonar maƙwabci. Idan dai ƙarfin iska na damunka, misali kana tunanin injin iska ko kana son sanin abin da ke yaye rufi, ka sayi ma'aunin iska daban ka ɗora a bututu sama da tankin ruwa, aƙalla mita 2 sama da duk abin da ke kusa. Amma fa ka zama ka kafa ƙarfe mafi tsayi a gidan a ƙasar da ake tsawa duk damina. Ka kira mai aikin lantarki ya ja masa waya mai kauri zuwa sandar jan ƙarfe a ƙasa, kuma ka nisanci wayar wuta lokacin ɗagawa. Wannan maganar rai ce.

Kibiyar da ke nuna inda iska ta fito sai an saita ta. A jikin na'urar akwai alamar arewa, a yawancinsu kuma farantin sola yana kallon kudu. Kada ka yi saitin da alƙiblar masallaci a matsayin gabas: daga Kano alƙibla ta karkata arewa da ainihin gabas da fiye da digiri 20, wanda ya isa ya mayar maka da iskar arewa maso gabas wata aba daban. Kamfas na wayar hannu yana aiki, don a yankinmu bambancinsa da ainihin arewa ɗan kaɗan ne, amma ka matsa nesa da bututu da kwano kafin ka karanta, ƙarfe yana jan sa. In kana son tabbaci, kafa sanda a miƙe ka bi inuwarta. Lokacin da ta fi gajarta, wajen 12:30 na rana a Kano, tana kwance ne kan layin kudu da arewa. A watannin hunturu gwajin ya fi fitowa, don inuwar ta fi tsawo. Kana da shaidu biyu a shekara: iskar hunturu daga arewa maso gabas, iskar damina daga kudu maso yamma. Idan allonka ya nuna akasin haka wata guda cur, an kafa na'urar a juye.

Matsin iska kuwa a cikin allon ɗaki ake auna shi, bai damu da rufi ko gona ba. Da hektofaskal ake ƙirga shi, kuma yana raguwa ne da kusan hektofaskal 1 duk mita 8 zuwa 9 da ka hau. Kano tana wajen mita 480 sama da teku, don haka za ka ga lamba kusa da 958 maimakon 1013 na saitin teku da aka saba ji. Akwai wurin shigar da tsayin garinka a allon don ya daidaita. Za ka lura yana hawa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen ƙarfe 4 na yamma da 4 na asuba, kullum, ko da hadari ko babu. Haka yanayin ƙasashe masu zafi yake. Hoton gajimare da rana da allon ke nunawa a matsayin hasashe an gina shi ne kan sauyin matsin iska irin na Turai, a nan bai cika faɗa daidai ba, kada ka yi shuka ko shanya da shi.

To ga abin da zan yi da ni ne da gidanka. Zan sauko da na'urar in kai ta gonar baya, wurin da ya fi nisa da katanga da darbejiya, mita 10 daga bango a ƙalla, 30 in gonar ta kai. Kafin ka haƙa rami ka riƙe ta a wurin ka sa wani ya duba allo a ɗaki, don mita 100 da kwali ke alkawari na fili ne. Bangon bulo biyu da kwano suna cinye fiye da rabi, wani lokaci matsar da allon kusa da tagar baya shi ne magani. Bututun ƙarfe mai kauri, a binne shi rabin mita ko fiye da kankare, kada ya zama katako saboda gara. Farantan zafi su tsaya a mita 2 ko ƙasa kaɗan. Ka ɗora lebur ɗin magina a bakin mazurarin ta fuska biyu, ka sake dubawa bayan ruwan farko mai ƙarfi, don ƙasa tana zama. Ka kewaye da waya mai raga saboda awaki da yara, ban da kwano ko bulo. Sannan ka tuna da Agusta: dawa da gero suna kai mita 3, su shanye na'urar daidai tsakiyar damina. Kewayenta, kamar mita 4 ta kowane gefe, ka shuka gyaɗa ko wake.

Zan kuma sayi ma'aunin ruwa na hannu, na roba mai lambobi a jiki, in kafa shi 'yan taku daga nan a tsayin ƙugu. Kuɗinsa kaɗan ne, ba ya buƙatar batir, kuma shi ne zai tona asirin na lantarkin ranar da gizo-gizo ya ɗaure cokali. Ka karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya ka zubar. Wannan yana gyara wata matsalar ma: allon yana rufe lissafin yini da ƙarfe 12 na dare, hadarinmu kuma yawanci na yamma ne da dare, sai ka ga ruwa ɗaya an raba shi kwana biyu.

Idan tsaro bai bari ka bar ta a gona ba, zaɓi na biyu shi ne bututu mai tsayi da aka kafa daga ƙasa a lungun yamma na gidan, nesa da darbejiya da janareto, na'urar ta ɗara katanga da mita 1 ko fiye, a yi wa bututun gaɓa yadda za ka iya kwantar da shi ka share mazurari. Ka fasa daɓen da ke ƙarƙashinta in za ka iya. Zafin zai ɗan hau, musamman da dare, amma ya fi rufi nesa ba kusa ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka rubuta a littafi ranar da ka kafa, tsayin, nisan bango da bishiya, ka ɗauki hoto ta fuska huɗu, ka sake rubutawa duk ranar da ka matsar ko maƙwabci ya ɗora bene. Lambobin rufi na bana kada ka gauraya su da na gona. Sannan ka kwatanta zafin rana da na asuba da na filin jirgin Malam Aminu Kano na sati biyu ko uku. Bambancin digiri 1 da ke tsaye kullum ba abin damuwa ba ne. Wanda ke kumbura da rana ya ɓace ranar gajimare yana nuna har yanzu rana ko daɓe na shiga awon. Ruwa kuwa kada ka gwada shi da na filin jirgi na yini ɗaya. Binciken da aka yi da ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai a farkon shekarun 1990 ya nuna wurare biyu da ke da tazarar 'yan kilomita suna iya bambanta sosai, ba a ruwa ɗaya kaɗai ba, har a jimillar damina. Abokin gwajin ma'auninka na lantarki shi ne na hannun da ke gefensa. Idan bayan ruwa biyar ko shida jimillarsu ba ta bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, wurin ya yi kuma na'urar lafiyarta ƙalau. Idan ta wuce haka bayan ka share mazurari ka daidaita lebur ka yi gwajin sirinji, a lokacin ne za ka koma wurin mai shago.